Ramin Bayan Gidanmu Ya Kai Ni Majalisa

Sallar asuba kawai muka yi muka kama hanya, ni da yayata, daga ƙauyenmu na wajen Baure. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba, amma bari in ba ku labari.

Bayan gidanmu akwai ramin da masu tifa ke ɗibar ƙasa. Daminar bara bangon ɗakina ya rufta cikinsa ina tsaye ina ninke kaya. Tun daga ranar, ko ƙofa aka buga sai gabana ya faɗi. Da wata malamarmu ta ce majalisar jiha za ta ji ra'ayin jama'a kan ƙudurin hana haƙa kusa da gidaje, na ce da ni. Na ɗauka kamar gaban alƙali ne, ki kai kuka, a yanke hukunci, ki dawo gida.

A tashar Daura muka canza mota. Kuɗin mota ya hau, ga direba ya cusa mu kamar buhunan gero, wata tsohuwa ta ɗora min kajinta a cinya har Katsina. Ƙosan da muka saya a hannuna ya huce, na kasa ci.

A majalisa, da aka miƙo min makirfo na faɗi abin da ya faru. Masu tifa ma sun zo, wakilinsu ya ce gidaje da yawa da wannan ƙasar suke cin abinci. Ɗayansu ɗan garinmu ne. Ya zuba min ido, na sunkuyar da kai.

Da aka tashi na tari wata ma'aikaciya.

"Hajiya, to yaushe za a hana su?"

"Ƙanwata, ai ƙudurin bai zama doka ba tukuna."

Ta ce an yi masa karatu na farko da na biyu, yanzu yana hannun kwamiti. Kwamiti zai kai rahoto, a bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a kaɗa ƙuri'a, sannan gwamna ya sa hannu. In ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun sake amincewa. Wani ƙudurin ma a hanya yake mutuwa.

Yayata ta ce, "Hajiya, shi ramin karatu nawa ya yi kafin ya ci mana ɗaki?"

Hajiya ta yi dariya, ni na kasa. Duk wannan na haddace shi a sakandare, ban dai taɓa auna shi da damina ba.

Da la'asar sakaliya muka iso gida, ƙafafuna sun kumbura, hadari ya haɗu a gabas, tifa tana lodi abinta. Abin da na koyo shi ne doka ba ta gudu, kuma sai an saurari wanda kike tsoro kamar yadda aka saurare ki.

Inna ta tare mu a ƙofa. "Sun hana?"

"Da saura, Inna."

Ko mayafi ban cire ba muka kama gadonta muka kai zaure, don yanzu ɗakinta ne a bakin rami.