Wa Ya Yanka Muku Bunsurun?

Mu mutanen kan dutse ne. A ƙauyenmu na Filato, in ka fita ƙofar gida ko dai ka hau ko ka gangara. Shi ya sa ranar da motar kaya ta sauke mu a Maigatari na dubi gabas, na dubi yamma, na ce da Baba, "To su ina suka kai duwatsunsu?" Ya ce in rufe baki in ɗauki katifa. Ƙasa a shimfiɗe kamar tabarma, ga yashi mai haɗiye takalmi. Kafin mu shiga gida na rasa silifas ƙafa ɗaya, kuma ina kyautata zaton yanzu ya isa Damagaram ta ƙarƙashin ƙasa.

Baba mai bishara ne. An turo shi ya riƙe wata 'yar majami'a ta ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga wajajenmu. A taswira dai Najeriya muke, amma ni na ɗauka ƙasa muka canja. Kuɗi iri biyu ke yawo a kasuwa, babbar mota wasu na ce mata kamiyo, raƙumi kuma ya wuce ta ƙofar gidanka yana kallonka kamar kai ne baƙon abu. A ƙauyenmu ban san Musulmi ko ɗaya ba. A nan kuwa mu kaɗai ne Kirista a layinmu.

Tun ba mu gama kwance kaya ba kwano ya shigo, tuwon gero da miyar kuka, daga gidan Inna. Inna tsohuwa ce mai tuyar ƙosai, katanga ɗaya ta raba mu, kuma muryarta ba ta san da wannan katangar ba. Daga ranar kwanuka ba su daina shigowa ba. Yau dambu, gobe fura, jibi ɗanwake. Da azumi ya zo, mu da ba mu yi azumi ba mun fi kowa shan kunun tsamiya. Da Babbar Sallah kuwa nama ya yi ta zuwa daga gida-gida, har ƙanena ya tambayi Baba ko za a iya roƙon a riƙa yin ta duk wata.

Ni da ƙanena murna muke. Mama ce abin ya dama. Duk kwanon da ya shigo sai ta karɓa da fara'a, ɗan aike na fita ta zauna ta yi tagumi. A wajenmu, macen da take ci a hannun maƙwabta ba a taɓa ci a nata ba, ba ta iya ɗaga kai a cikin mata. Sau ɗaya ta gwada, ta dama gwate irin na gida ta aika wa Inna. Inna ta aiko da godiya, ta kuma ce a tambaya waye ba shi da lafiya a gidan. Ranar Mama ta ce, "Bari Kirsimeti ta zo. Kowane gida a layin nan sai ya ci shinkafata da nama."

Aka sayo ɗan bunsuru a kasuwar Alhamis. Mama ta yi wata da watanni tana ɗura masa dusa da harawa, har ya yi ƙiba ya fara tafiya kamar ɗan kwangila. Warinsa kuwa, in ya yi atishawa a gidanmu sai an toshe hanci a Gumel. Ni ce mai share masa wuri, saboda haka babu wanda ya kai ni ɗokin Kirsimeti.

Ranar na zuwa, da sassafe Baba ya yi abin da kowane maigida ke yi a ƙauyenmu. Ya tara mu, ya yi addu'ar godiya, ya yanka bunsurun da hannunsa. Kafin rana ta ɗaga an feɗe, an soya, nama ya shiga babbar tukunyarmu da dukan tumatirin da Mama ta tanada. Ta jera kwanukan rabo a tsakar gida tana 'yar waƙarta ta majami'a. Ban taɓa ganinta haka ba tun zuwanmu.

Sai ga sallamar Inna. Ta shigo tana buɗa hanci.

"Barkanku da salla, Maman yara! Kai, wannan ƙamshi zai karya wa mutum alwala. Ke 'yar dutse, ba ni kujera, kin tsaya kina kallona kamar na ci miki bashi."

'Yar dutse ni ce. Na kawo mata kujera. Ta leƙa tukunya, ta jinjina kai, sannan ta ce, "Ashe Alhaji ya shigo da wuri. Ni ban ma ji fitarsa ba." Alhaji ɗanta ne, direban babbar mota, daren jiya ya dawo daga Nijar.

Mama ta ce, "Alhaji kuma? Bai shigo ba."

"To wa ya yanka muku?"

"Babansu mana," in ji Mama, har da ɗan alfaharinta. "Shi da kansa."

Inna ta yi shiru. Ni tun da na san Inna ban taɓa jin ta yi shiru ba, ko barci take ana jin ta. Ta gyara mayafi, ta dubi kwanukan da aka jera, ta dubi Mama.

"'Yar nan, zauna in gaya miki. Mutanen layin nan ba za su ci yankan da ba Musulmi ya yi ba. Ba ƙinku ake ba, haka muka tashi. Za su karɓa, su yi godiya, har su ba yaranki tukwici. Amma ba za a ci ba."

Ludayi na hannun Mama, ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙin kallo. Baba ya fito daga ɗaki da kwat ɗinsa ta wa'azi, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya ji abin da ake ciki. Ya sosa ƙeya ya ce, "Inna, shekarun da na yi a makarantar Littafi Mai Tsarki, babu malamin da ya koya mini wannan."

"Ai ba a littafi yake ba, Fasto, a maƙwabta yake. Da ka tambaya."

Har yau in na tuna ina gode wa tsohuwar nan. Tana iya karɓar kwanonta ta yi godiya ta tafi, mu yi shekaru muna aika abincin da ba a ci, muna murna mu kaɗai. Ta zaɓi ta ɓata mana safiya ɗaya.

Kuma ba ta bar mu a nan ba. Ta miƙe ta ɗaure mayafi a ƙugu. "Wannan tukunyar ta mutanen cocinku ce, su ci su ƙoshi. Ta layi yanzu za a ɗora. Ina da zabbi biyu, bari in sa a kamo."

"A'a, Inna." Mama ta tashi tsaye. "Tukunya zan ara, tumatir ma zan karɓa tunda nawa ya ƙare. Amma naman yau daga gidana zai fito."

Sai ta juya ta dubi kajinmu. Kajin ma suka dube ta. A cikinsu har da zakarana, wanda na raina tun yana ɗan tsako, mai cara tun tsakar dare saboda bai yarda da agogon kowa ba. Na ce, "Mama, wannan ai ɗan gida ne!" Ta ce, "Shi ya sa. Kamo shi."

Wanda bai taɓa bin kaza a cikin yashi da sabon takalmin Kirsimeti ba bai san wahala ba. Ni da ƙanena da jikokin Inna muka bi su lungu-lungu. Zakarana ya haye katanga, ya faɗa gidan tela, ya fito ta wajen mai faci, ya miƙe hanyar kan iyaka. Na rantse da ba mu tare shi ba da sai an nemi takardar shiga Nijar kafin a dawo da shi.

Alhaji ya fito da wuƙarsa, idonsa duk barci. Ya dubi Baba ya ce, "Fasto, ka yanka babba ka bar mini ƙanana ko? Baɗi in ka taɓa wuƙa sai na kai ƙararka wurin Inna."

Baba ya ce, "Baɗi ko albasa ce sai na aiko maka."

Muka tafi sujada a majami'a a makare, ina wari kamar akurki. Mama kuwa ranar ba ta je ba, karo na farko a rayuwata, kuma Baba bai matsa mata ba. Da muka dawo mun tarar da gidanmu cike da matan layi. Wata na jajjage, wata na tsince shinkafa, Inna na ba da umarni kamar ita ta haifi kowa. Amma ludayin yana hannun Mama, ba ta yarda kowa ya taɓa miyar ba.

Kaji huɗu a raba wa layi guda, sai dai a yi haƙuri. Wani gidan naman da ya samu sai an sa tabarau. Haka muka yi ta kai kwanuka, ni da ƙanena, har ƙafafuna suka daina gaisawa da ni. Duk gidan da na shiga sai an tambaye ni, cikin dabara, ni kuma in ce, "Alhaji ne ya yanka," tun kafin a ƙarasa tambayar.

Inna a tsakar gidanmu ta ci nata, Mama na tsaye a kanta kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Ta kai loma, ta tauna, ta kai wata.

"Barkonon ya yi kaɗan," in ji ta. "Ku mutanen dutse tsoron yaji kuke. Ƙaro mini."

Mama ta ƙara mata har da cinyar da ta ɓoye wa Baba. Ba a jima ba jikan Inna ya shigo da kwano a wanke tas, ya ce Alhaji na gaisuwa, wai in akwai sauran ƙanzo a taimaka. Bayansa ga 'yar tela da nata kwanon, wai babanta bai samu ba, yara sun cinye. Mama ta durƙusa gaban tukunya ta kama kankara da cokali, tana dariya, tana kankara, ƙarar har waje.

Inna ta daka mata tsawa da nama a baki: "Ke 'yar nan, a hankali! Tukunyar tawa ce, kada ki huda mini ita!"