Ranar da Baba Haruna Ya Sara da Hagu

Na manta ranaku da yawa a wannan aiki, amma ban taɓa iya mantawa da ranar da Baba Haruna ya sara wa manaja da hannun hagu ba. Ku sababbin shiga, ku matso ku ji. Jiya na ga kuna yi wa ɗan'uwanku dariya wai yana gyangyaɗi a tsaye. Ni ban yi dariyar ba, kuma zan gaya muku dalili.

A lokacin kamfaninmu ya tura mu gadin wani babban siton kayan masarufi a kan hanyar Mando. Ga wanda bai san tsarin ba, mu ba ma'aikatan siton ba ne. Kamfanin gadi ne ya ɗauke mu, ya ba da hayarmu. Sama da mu akwai sufabaiza, mai zagayawa a babur yana duba wurare. Sama da shi akwai ofis, wanda ba ka ganinsa sai ka yi laifi. Aiki kashi biyu ne, na rana da na dare. Doka ta farko da ake karanta maka ranar da aka miƙa maka kaki ita ce: ba ka barin get sai mai karɓarka ya zo ya karɓi mukullai hannu da hannu. Ko gidanka ne ke cin wuta, sai an karɓe ka.

Ni ina ƙaramin get na baya, inda leburori ke shiga. Baba Haruna yana babban get. Dattijo ne mutumin Malali, tsohon ɗan kasuwa da jarinsa ya karye, ya shigo gadi da furfurarsa don yana da yara a makaranta. Ladabinsa har haushi yake ba ni. Yaron mota zai daka masa tsawa, shi kuma ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri."

Da farko akwai kujerar roba a get ɗinsa. Wata rana manajan siton ya shigo da baƙi, ya tarar da shi a zaune, ya ce wurin ya yi kama da teburin mai shayi. Washegari sufabaizanmu, Oga Bala, ya ɗaure kujerar a bayan babur ya tafi da ita. Tun daga nan sai tsayuwa cikin takalmin but, ga rana, ga hayaƙin tireloli, ga jiragen soja suna wucewa ta saman kai har kwanya ta ɗauka. In zai yi alwala, sai na riƙe masa takalmin na ja, don ƙafar ta kumbura.

Na san yana da hawan jini. A cikin hularsa yake ɓoye maganin. Na ce masa, "Baba, ka gaya wa ofis mana, ko sa mayar da kai wuri mai inuwa."

Ya ce, "Sale, a aikin nan wanda ya ce ba shi da lafiya, cewa ake ya je ya huta. Ka taɓa ganin wanda ya dawo daga hutun?"

Ban taɓa gani ba. Abin takaicin, duk abin da likita ya hana shi, shi ne abin da ke tsayar da shi a kan aiki: goro, baƙin shayi mai kauri, da garin kofi da yake zubawa a ciki don kada ido ya rufe.

To, a wani ƙarshen mako cikin tsakiyar bazara, mai karɓarsa ya samu babur ɗin haya, ya ajiye aiki ba sallama. Ranar Asabar da yamma Baba ya kira Oga Bala, aka ce masa, "Ka riƙe, wani yana hanya." Yana hanya! Wallahi ko daga Sakkwato mutumin ya taho da ƙafa, ai da an ji labarinsa. Ni kuwa get ɗina ba a buɗe shi Asabar da Lahadi, ina gida ban san wainar da ake toyawa ba.

Litinin da safe na iso na tarar da shi cikin kakin Asabar, idanu jajur, ya jingina da ƙarfen get. Na ce, "Innalillahi! Baba, tun shekaranjiya? Kawo mukullan na riƙe maka, ka je bayan sito ka miƙe ko na ɗan lokaci."

Ya ce, "Ba kai aka turo ka karɓe ni ba." Maganar ta fito da nauyi, kamar da tuwo a bakinsa. Na ɗauka barci ne. Muna cikin haka motar manaja ta danno kai. Baba ya lallaɓa ya buɗe get, ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara masa. Hannun hagu.

Kun dai san mutanenmu da hagu. Ko ruwa ka miƙa wa babba da ita ka yi laifi, balle gaisuwa. Manaja ya sauke gilashi, ya ƙare masa kallo, ya wuce. Kafin hantsi sai ga Oga Bala a guje. Mutumin da aka kwana biyu ana nema ya kawo mai karɓa bai samu zuwa ba, amma maganar hannun hagu ta kawo shi kafin shayi ya huce.

Ina jin hayaniyar na zagayo. Oga Bala yana cewa, "Kai Haruna, da girmanka? Manaja za ka sara wa da hagu? So kake a karɓe kwangilar nan mu duka mu rasa abinci? Ƙame! Sara min yadda aka koya maka!"

Baba ya ƙame. Na ga kafaɗarsa ta dama tana motsi, amma hannun yana nan a rataye kamar ba nasa ba. Ya sake gwadawa. Sai ya ɗaga hagun dai, ya ce wani abu da ba wanda ya gane.

Oga Bala ya ce, "Au, ƙwaya ka fara sha? Da tsufanka?"

Nan fa raina ya ɓaci. Na ce, "Oga, wace irin ƙwaya? Dubi bakinsa mana! Mutumin nan tun Asabar yake tsaye, yana da hawan jini, ku kuka ce wani yana hanya!" Sai a lokacin Oga Bala ya dubi Baba da kyau. Bakin ya karkace gefe guda, miyau yana zuba a kan kwalar kaki. 

Na tare napep a titi, leburori biyu suka zo za su ɗaga shi. Ku ji ikon Allah: Baba ya damƙe ƙarfen get da hannun nan guda mai aiki, ya ƙi saki. Muka ja, muka lallashe shi, ina! Da ƙyar na gane abin da yake maimaitawa: "Ba a karɓe ni ba." Mutum ɓarin jikinsa yana mutuwa, shi tsoron kora yake ji. Na rasa wanda zan fi jin haushi, shi ko waɗanda suka dasa masa tsoron.

Na juya na ce, "Oga, ba zai tafi ba sai an karɓe shi. Kai ne babba a nan." Oga Bala ya waiga hagu da dama, babu kowa. Ya miƙa hannu ya zare mukullan daga bel ɗin Baba, ya ce, "Haruna, na karɓe ka." Sannan yatsun suka saki ƙarfen.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, ya tambaye ni tun yaushe hannun ya daina ɗaguwa. Na ce tun safe. Ya ce me ya hana mu kawo shi tun safen? Na ga ba yadda zan yi wa likita bayanin mukullai.

Da na koma da la'asar, na tarar da Oga Bala a babban get, gumi ya jiƙa masa riga, yana zaune a kan kujerar da ya aro a wurin mai sayar da abinci. Wuni ɗaya bai cika ba! Na tsaya na kalli kujerar har sai da ya kawar da kai. Bayan kwana biyu ofis ya kira ni, wai in yi bayanin dalilin da ya sa na bar get ɗin baya ba tare da an karɓe ni ba. Na yi bayanin, da muryar da har yau ba su manta ba.

Baba Haruna ya rayu, amma bai sake sa kaki ba. An ce ya je ya huta. Babban ɗansa ya bar makaranta ya koma koyon walda. Kujera kuwa an mayar da ita get, aka turo masu gadi biyu inda da shi kaɗai ne.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ciwo ba ya zuwa da sunan ciwo. Da sunan laifi yake zuwa: an ce ka yi barci, an ce ka yi jinkirin buɗe get, an ce ka yi raini. Saboda haka in kun ga ɗan'uwanku ya yi abin da bai saba ba, ku dubi fuskarsa kafin ku dubi doka. In kuma jikinku ne ya gaya muku, ku faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Get ɗin nan yana nan inda yake, an ma sake masa fenti.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je Malali duba shi. Yana zaune a zaure, sanda a gefensa. Na miƙa masa hannu, ya miƙo min nasa, ya ce, "Yi haƙuri, Sale, hagu ce."

Na ce, "Baba, don Allah ka daina ba mutane haƙuri." Na riƙe ta da hannu biyu.