Fitar Iya Mai Agidi

Moradeke tana kan keken ɗinki, allura a baki, sai ga wayar ƙaninta Niyi. Ko gaisuwa bai yi ba, mutumin da in ya kira sai ya tambayi lafiyar kowa har akuyar gida.

"Anti, Maami ta zo wajenki?"

"Ta zo da wace ƙafar? Ba kai ka kulle ta ba?"

"Anti, ba lokacin faɗa ba ne. Motar ruwa ta shigo da safe, maigadi ya bar ƙofa a buɗe. Mun duba ko'ina, ba ta nan."

Ta tofar da allurar ta fito, ko shagon ba ta rufe ba. Ba ɓatan ne ya tsinka mata zuciya ba, wanda zai tsinta take tsoro. Tsohuwa mai farin kai, ba ɗankwali, tana surutai a unguwar da ba a san ta ba, suna ɗaya ake ba ta: mayya. In kuwa aka ba ta sunan nan, ba a jiran 'yan sanda.

Segilola ne sunan uwar tasu da suke kira Maami, amma wa ya isa ya kama shi? Iya Mai Agidi kowa ke cewa a tsohuwar unguwarsu ta Oja Igbo a Ogbomosho. Mijinta ya rasu Niyi yana goye, da tukunyar agidi ta raini 'ya'yan nan biyu. Ta jiƙa masara, ta kai niƙa, ta tace, ta tuƙa, ta ƙunshe a ganye, kafin rana ta ɗaga tana kan hanya da tire a ka. Tallan nata rabi ciniki ne rabi surutu. Ba ta wuce ƙofa ba ta gaisa ba, ta san wadda ta haihu, ta san wadda ta yi yaji, ta san mijin da ya kamata a zaga, kuma ta zage shi. Da yamma taron mata, a yi waƙa, a yi gulma, a sasanta masu faɗa. Ta haura saba'in tana haka, ƙafa garau, baki kuwa sai dai Allah ya kyauta.

Sai Niyi ya yi kuɗi da siminti a Legas. A wajen wani biki yana liƙa wa makaɗa kuɗi, wani abokin wasansa ya ɗaga murya: "Alhaji Siminti, ɗazu na sayi agidi wajen mahaifiyarka, ta ce a gaishe ka!" Aka kwashe da dariya. A garin nan ba a yi wa namiji gorin da ya fi wannan. Ɗan da ya samu, uwarsa zama take yi.

Ya gina mata gida a sabuwar unguwa can bakin gari, katanga har da waya a sama, kujera mai laushi, talabijin kamar ƙofar ɗaki. Aka fitar da anko, aka yi shagalin ajiye talla, aka kyautar da tukunyar. Moradeke ma ta taka rawa ranar har da juyi, don ita ma a ganinta hutu ne.

Hutun kuwa aka yi. Soyayyen nama safe da yamma, lemon kwalba a firiji, maganin hawan jini in an tuna. Kunnenta ya fara nauyi, ba wanda ya lura, don ba mai yi mata magana. Ƙawayenta sun zo sau ɗaya sau biyu, maigadi ya tsare su da tambayar wajen wa suka zo, suka yi zuciya suka daina. Shekarar farko ta yi ta mita. Ta biyu ta yi shiru, aka ce alhamdu lillahi, Maami ta saba. Daga nan ta fara zuba gishiri a shayi, tana tambaya ko maigidanta ya dawo daga gona.

Wata nas a asibiti ta gaya musu gaskiya. Ta ce ba za ta rantse zaman ne kaɗai ya jawo ba, tsufa da hawan jini suna da nasu kason, amma mutumin da ya daina tafiya ya daina hira, mantuwa ta fi saurin cim masa. "Wa take hira da shi? Ina take zuwa?" Yaya da ƙani suka kalli juna. A mota Moradeke ta ce a mayar da ita cikin mutanenta. Niyi ya ce, "Duniya ta ce me? Ta ce na kasa riƙe uwata?" Washegari ya sayo ƙaton kwaɗo ya ƙara wa ƙofa.

Duk wannan ne ke tafasa a ran Moradeke a bayan ɗan acaba, suna shiga layi suna fita a sabuwar unguwar, inda maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. Ta tambayi mai shago, ta tambayi mai wankin mota, ba wanda ya ga tsohuwa. Can sai ta ga mutane suna gudu, duk sun nufi waje ɗaya, wasu suna ɗaga waya sama.

"Bi su," ta ce wa ɗan acaban. "Don girman Allah bi su."

A gefen rumfar wani mai facin taya aka yi da'ira. Ta kutsa da gwiwar hannu, ana zaginta tana turewa, sai ga uwarta zaune a ƙasa, zani a ƙirji, jini yana bin goshinta. Bakinta yana motsi, tana jero sunaye: Iya Risika, Baba Alagbede, Ajoke mai ɗan kunne. Tsofaffin masu sayen agidinta ne, yawancinsu sun daɗe a ƙasa.

"Kun ji ko? Waɗanda ta ci take lissafawa!" in ji wani.

Wata mata da taɓarya a hannu tana ta ihu, muryarta har ta dushe. "A bayan gidana na same ta tana hura mini murhu! Wa ya aike ta? Ɗana yana kwance tun makon jiya, ashe ita ce!"

Mai facin ya gangaro da tsohuwar taya. Wani ya ce a zuƙo fetur daga babur.

"Uwata ce!" Moradeke ta faɗa tsakiya ta buɗe hannu. "Uwata ce, ba ta da lafiya, ciwon mantuwa ne! Ku je Oja Igbo ku tambayi Iya Mai Agidi!"

"Madam, a nan ba mu san agidi ba," in ji mai facin, yana share gumi da bayan hannu. "Wa ya sani ko ke ma 'yar ƙungiyarsu ce kika zo ɗaukar taku? In uwarki ce, ta faɗi sunanki mu ji."

Wurin ya yi tsit. Moradeke ta juya ta dubi uwarta. Jiya da yamma uwar ta gane ta, shekaranjiya ba ta gane ta ba, abin ya zama sai yadda gari ya waye. Ta durƙusa da gwiwa biyu a gabanta, ta kai bakinta saitin kunnen da ya fi ji.

"Maami, ni ce. Dube ni da kyau. Faɗa musu wace ce ni."

Tsohuwar ta daina lissafi. Ta zuba mata ido, ta daɗe tana kallo, kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Sai fuskarta ta washe, ta miƙo hannu biyu, ta yi magana da wata 'yar siririyar murya da Moradeke ba ta taɓa ji a bakinta ba.

"Iya! Iya, kin zo? Sun jefe ni, Iya. Ban yi komai ba."

"Kun gani! Ba ta san ta ba!" Hayaniya ta sake tashi, da'irar ta matso.

Moradeke ta ƙara matsawa kusa da tsohuwar. Tana iya sake roƙo, tana iya cewa Maami ki tuna. Ba ta yi ba. Ta goge jinin da tafin hannunta.

"Na zo, 'yata. Yi shiru, na zo."

Ta warware ɗankwalinta, ta juya baya ta duƙa. Tsohuwar ta hau ba musu, ta saƙalo wuyanta. Moradeke ta ɗaure ta tam a ƙirji, ta miƙe, ta fuskanci mai facin.

"To, bismilla. Tayar taka ta shiga mu biyu."

Bai motsa ba. Matar nan mai taɓarya ta kalli kan furfurar da ya kwanta a kafaɗar Moradeke, ta kalli ƙafafun da ke reto, siraran ƙafafu masu kaushi, sai hannunta ya sauka a hankali. Ita ta fara matsawa gefe. Moradeke ta bi ta wannan 'yar kafar ta fita, ba ta waiwaya ba, bayanta yana jiran dutse har ta kai titi.

A nan motar Niyi ta ci burki. Ya fito a guje, ya ga jinin, ya ɗora hannu a ka yana kuka kamar yaro. "Anti, ku shiga, mu koma gida."

"Wane gidan?" ta ce. "Matsa mini."

Gidanta ta kai ta, ɗaki biyu a bayan shagon ɗinki, ƙofa a buɗe, mutane suna wucewa suna gaisuwa. Tsohuwar ta ƙara shekaru a nan, wata rana da dariya wata rana da rigima. Amma tun daga bakin rumfar mai faci, Moradeke ba ta sake jin sunanta a bakin uwarta ba. Iya take ce mata, ita kuma tana amsawa.