Sanyar da Hauwa'u ta dasa a Alelu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hauwa'u, Allah Ya jiƙan ta. A makon jiya na shiga wani kantin magani a Jega, na ga kwalaben jinsin, saiwar nan da ake kawowa daga ƙasashen Asiya, jere reras. Kowace an rubuta mata yawan sinadarin da ke cikin ƙwaya guda. Wallahi kishi ne ya turnuƙe ni, na fito ban sayi abin da ya kai ni ba.

Wannan gatan Hauwa'u ta so ta yi wa sanya, tamu saiwar. Tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Aliero, kuma abin da ya tsaya mata a rai shi ne masu magani da tafin hannu suke awo. Saiwar da aka tono a Mungadi da damina daban, ta rani daban. Wani ya sha bai ji komai ba, wani ta kayar da shi. Sai ta dasa sanya a gefen gonar mahaifinmu a Alelu, duk sa'annin juna, don ta riƙa aunawa har ta gane ƙarfinsu. Ba su isa tono ba ta rasu.

Da tana nan, na san kwalbar za ta ɗauka ta yi ta juyawa tana yaba aikin. Ni ban da wannan kyan zuciyar. Haushi nake ji saiwar wasu ta sami masu tsaya mata, tamu kuwa tana shan rana a kan buhu a bakin kasuwa.

Da aka raba gadon mahaifinmu, gefen nan ya faɗa wa Yaya Sani, babban wanmu. Bana ya ce zai sare itatuwan.

"Mi za ni yi da icce, Asabe? Albasa ta ka ci da gida."

"Yaya, aikin Hauwa'u ne."

"To, wa za ya auna? Ke?"

Ni ko sunan na'urar awon ban sani ba. Sai na ce ya karɓi rabona na fadama, ya bar mini wurin. Bai ko yi musu ba.

Bana dai ba ni da albasa ko kwando guda. Itatuwa gare ni, saiwarsu ta ƙosa, kuma har yau ban sami wanda zan miƙa wa ba.