Haƙoran Injin da Na Goge da Toka

Ya san ni ce, ko bai sani ba? Shekara uku da rasuwarsa, har yau ban samu amsa ba.

Jiya wani masunci ya zo aron gwangwanin haƙoran injin huda katako da mijina Malam yake gyaran jiragen ruwan dam da su. Ina buɗewa, ƙamshin katako ya zaunar da ni.

Malam ba ya zaɓen haƙori da ido. A farcensa yake gwadawa, in ya kankari farce ya ɗauka, in ya zame ya mayar. Wata rana na ga sun yi baƙi, na goge su da toka da rairayi kamar tukunya. Washegari ya gwada, duk suka zame. Ya ƙetara Maraɗi neman wasu, jirgin wani bawan Allah da ya kawo gyara ya kwana huɗu a tudu, gidansa ba kifi.

Na yi ta shirin faɗa masa, ban iya ba. Allah ya yafe mini, ya haskaka kabarinsa.

Ranar da zai cika, ina wanke-wanke kusa da shi, ya ce, "Ke 'yar mutan Riko, huta haka nan. Ba komai ake gogewa ba."