Ranar da 'Yar Ungozoma Ta Haihu

Yayata ungozoma ce, shekara ashirin da bakwai a ƙaramin asibiti mai gado uku da fanka ɗaya mai ƙugi. Ita kaɗai ce. An sha yi mata alkawarin abokiyar aiki, har yau shiru kamar an shuka dusa. Duk wata hidimar dangi, ni ke zuwa ba da haƙuri a madadinta.

Tana da wata ɗabi'a mai ƙona min rai. In mace ta haihu, sai ta ja kujera ta zauna awa guda cur, hannu a marar mai jego, tana jin ko mahaifa ta yi tauri, tana duba jini. Wai a wannan awar ake rasa mata, bayan kowa ya tafi kallon jariri. Ko gobara ake, ba ta tashi.

Ranar da 'yarta tilo ta fara naƙuda, haihuwar fari, a wani gari mai nisa, na zo asibitin da mota da hantsi don in kai Yaya can. Wata tara yarinyar nan tana roƙo, "Mama, ke za ki karɓi haihuwata." Ta kuwa yi alkawari.

Na tarar wata ta sauka yanzun nan.

"Yaya, lafiyarta ƙalau, har dariya take! Tashi mu tafi."

"Saura minti arba'in."

"Taki 'yar fa? Tsintar ta kika yi?"

Ko kallona ba ta yi ba.

Awa ta cika, ba abin da ya faru. Ta wanke hannu, ta saɓa jaka. Mun kai bakin ƙofa ke nan sai ga wani riƙe da matarsa mai naƙuda, faya ta fashe, tana cizon leɓe. Yaya ta dubi mota, ta dubi matar. Wallahi na so in fizge ta da ƙarfin tsiya. Ta ajiye jaka.

Tana cikin aiki waya ta yi ƙara. Na kara mata a kunne, don safar hannunta ta ɓaci. Surukinta ne: an sauka lafiya, mace. Sai ga muryar yarinyar, a galabaice.

"Mama, na yi ta kallon ƙofa."

Hawaye na zubo wa Yaya, ba hannun sharewa. Ni na goge mata da bakin mayafina, tausayi ya kama ni har na manta haushi nake ji.

"Yunƙura, 'yata," ta ce wa matar da ke gabanta. "Ga kai nan ya leƙo."