Kwikwiyar da Ba a Saya Ba

Shekarar da Inna ta rasu na ɗauko Baba daga ƙauyenmu na ƙasar Adar na kawo shi Jidda, don babu wanda ya rage a gida da zai dafa masa ko ruwan zafi. Kafilina, wato Balaraben da ya tsaya mini a ƙasar, wanda na daɗe ina tuƙa wa mota, shi ya yi ɗawainiyar takardu, Allah Ya saka masa. Aka rubuta Baba a matsayin mai gadin istiraharsa, wani fili mai katanga a bayan gari inda yake ajiye tumaki. Amma gadin a takarda ya tsaya. Baba yana ɗakinmu na unguwar Nuzla, ya ba taga baya, yana jan carbi.

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a dawa da karnukan farauta, ga shi a hawa na biyu, ƙasa ma ba ya takawa sai ranar Juma'a. Matata ta yi tuwo, ta yi fura da geron da take nemowa a unguwar Karantina, ya ɗan taɓa ya ture. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da wa'adin iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ya matso sai ya kira ni ya ce, "Kada ka sabunta. Yanko mini tikiti in tahi in kwanta kusa da uwarka." Na san idan ya tafi ba zan sake ganinsa ba, na kuma san idan na riƙe shi a haka, a hannuna zai ƙare. Tsoro ya kama ni sosai.

A lokacin nan ne kuma wani zazzaɓi ya kama ni, na salugi, dogon karen farautar Larabawa mai siririn ƙugu. Kafilina ya taɓa sa na kai shi wani taro a sahara inda ake gasar kyansu. Ana zagayawa da su, alƙalai suna duba zurfin ƙirji da tsawon baki da yadda suke taku. Na dawo ina mafarkin nawa. Matata ta ce in dai ba gidanta zan kawo mata najasa ba, in je in sayi kura ma. Kafilina ya yi dariya ya ce ga istiraha nan, in ajiye.

Na fara da kasuwar tsuntsaye. Wani mai zaƙin baki ya nuna mini 'yan kwikwiyo cikin keji, ya rantse kakansu ya ci gasa a ƙasashe uku. Na ɗauki hotonsu a waya na kawo gida ina nuna wa yara. Ban san Baba yana leƙe ba, sai na ji murya a bayana.

"Ina uwar?"

Na ce, "Baba, ban gan ta ba."

"Ka ga ɗiya ba ka ga uwa ba, mi ka gani?"

Rabon da Baba ya tambayi wani abu, ko da ƙarfe nawa ne, har na manta. Matata ta dube ni, na dube ta. Washegari na koma, mai kejin ya ce uwar tana Riyad. Na sake komawa, ya ce tana Ta'if. Na bar masa uwar mai yawon duniya.

Wani makiyayin tumakin kafilina ne ya kwatanta mini wani tsohon Badawi a hanyar Usfan, wanda ya gaji kiwon salugi daga iyayensa. Ranar Alhamis na ce wa Baba ya raka ni ya duba mini uwar, tunda shi ya ɗaga maganar. Ya yi ta gunaguni, amma na ga ya ɗauki hularsa ta fita.

Mun tarar da tsohon a rumfa, an shimfiɗa darduma. Ya ba mu gahawa da dabino, bai tambayi abin da ya kawo mu ba sai da muka sha. Sa'an nan ya kai mu bayan rumfar. Ga uwar kwance a inuwa kan tsohon bargo, ruwanta mai tsabta, 'ya'yanta suna hawa kanta. Baba ya tsuguna, abin da gwiwarsa ta daɗe da ƙi. Ya miƙa mata bayan hannu ta shinshina, ya shafa haƙarƙarinta, ya buɗe tafin ƙafarta ya duba. Ya ce da ni, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Nan za mu tsaya."

Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan wani namiji fari tas, mai dogon baki, irin wanda alƙalai ke so. Na zaro ambulan ɗin kuɗi daga aljihu na ce da tsohon, "Ya ammi, kam haza? Nawa ne wannan?"

Fuskarsa ta canza nan take. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ya waladi, kasuwa tana Jidda. Salugi ba a sayar da shi. Halas." Ya juya zai koma rumfa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ba ya jin Larabci sai na salla, amma ya ga ambulan, ya ga fuskar mutumin. Ya buge mini hannu kamar ina ɗan shekara bakwai. "Mai da abinka! Wa ya gaya maka ana cinikin karen farauta? Ko a gida roƙonsa ake yi." Sai ya laluba aljihunsa ya fiddo goro ɗaya fari, cikin 'yan waɗanda yake ɓoyo a jiƙaƙƙen tsumma, ya bi tsohon ya miƙa masa da hannu biyu, yadda maharba ke yi a wajenmu.

Tsohon ya juya goron, ya dube ni. Na ce masa a ƙasarmu da wannan ake neman aure, da shi ake roƙon alfarma. Ya gatsa. Ɗacin ya kama shi, ya yamutse fuska har rawaninsa ya karkace, Baba kuwa ya fashe da dariya. Wallahi tun rasuwar Inna ban ji wannan dariyar ba. Na koma gefen mota na yi kamar ina duba taya, don kada su ga idona.

Daga nan suka manta da ni. Da hannu da ka suke hira. Baba ya kwashe 'yan kwikwiyon ya kai su can nesa cikin rana ya ajiye, ya dawo ya tsaya. Tsohon ya gyaɗa kai, ashe su ma sun san dabarar: wanda uwa ta fara ɗaukowa, shi ne zaɓinta. Uwar ta tashi, ta tsallake farin nawa ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗauko wata 'yar ƙarama mai launin rairayi, wutsiyarta da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Na ce, "Baba, wutsiyar fa? Alƙalai za su rage mata maki." Ya ce, "Da wutsiya ake kama zomo?"

Tsohon ya ce sai an yaye ta za mu dawo. Ya nuna Baba da yatsa, ya ce mini, "Ta shaihun nan ce, ba taka ba."

Da muka ɗauko ta, Baba ya ƙi yarda makiyayi ya ba ta abinci. Ya ce in kai masa tabarmarsa istiraha, zai kwana biyu ya ga ta saba. Kwana biyu suka zama mako. Mai gadin takarda ya zama mai gadin gaske. Yakan jiƙa mata gurasa a nonon tumaki, kuma tunda an riga an tatso nonon, shi ma sai ya dama fura. Ranar Juma'a in na kawo shi gida, ya wanke hannu da ƙasa yadda shari'a ta ce, ya canza riga, ya cinye tuwon matata har ya nemi ƙari, yana ta ba jikokinsa labarin dawa da Hausar da rabinta ba su ganewa.

Gasa kuwa mun shiga, bayan ta girma. Ta yi taku mai kyau, amma alƙali ya kama wutsiyar nan ya girgiza kai, aka fitar da mu tun zagayen farko. Na yi ta faɗa a mota har Jidda. Baba ko a jikinsa, yana baya yana sosa mata kunne. Har yau in na tuna tsohon nan na hanyar Usfan sai na yi masa addu'a, shi da kafilina, har da mai kejin da ya ɓoye uwar.

Maganar tikiti ban sake tayar da ita ba, tsoro nake ji. Tun kafin gasar nan, ana saura 'yan kwanaki iƙamar ta mutu, na je istiraha na same shi yana gyara wa kwikwiyar rumfa. Bai ko ɗago kai ba, ya zaro iƙamar daga aljihu ya miƙo mini.

"Kai musu su ƙara shekara," ya ce. "In na tahi, wa za ya ba ta abinci? Kai?"